Butar Kawu Sale

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, ranar da na tare wa kawuna ƙofa ce ta ƙi fita raina.

Da damina ne aka kwantar da Alhaji Buba, dillalin albasa a kasuwar Sandaga, da gyambo a ƙafa. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta gagari magungunan da muka saba bayarwa. Manjo, wato shugabar masu jinya ta sashenmu, ta sa aka ware shi a ɗaki shi kaɗai. Sai da safar hannu ake taɓa shi, in an fito a wanke hannu.

To, kun san mutanen unguwarmu ta New Bell da dubiya. Su yi musabaha da Alhaji, sannan su bi gado-gado neman lada. A ɗakin gaba kuwa akwai wani ɗan bensikin, mai haya da babur, an yi masa aiki a ƙafa, ciwon bai rufe ba. In ƙwayar ta kai gare shi, ƙafar na iya tafiya.

Manjo ta ce, "Hadiza, mutanenki ne. Débrouille-toi, ki san yadda za ki yi da su."

Bayan Juma'a sai ga tawaga, Kawu Sale a gaba, mutumin da ya riƙe ni tun ina ƙarama. Yana fitowa daga wurin Alhaji ya nufi ɗakin ɗan bensikin. Na yi maza na sha gabansa.

"Kawu, ka yi haƙuri, sai ka wanke hannu da sabulu."

"Ni? Da alwalata?"

"Alwalarka na nan, Kawu. Amma ka riƙe hannun Alhaji, wannan kuwa da ƙafarsa yake ciyar da iyalinsa."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya yi tafiyarsa. Na shige ɗakin magani na sha kukana.

Washegari na iske shi zaune a bakin ƙofar Alhaji da buta, da sabulu, da roba. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Daga nan za ka gaishe shi, kuma wanke hannu, malam! Ba ka fi ni ba, ni ma an kore ni."

Ɗan bensikin da ƙafafunsa biyu ya fita.

Ku sababbin masu jinya, kada ku ce za ku hana mutanenmu dubiya, ba za ku iya ba. Ku faɗa wa babbansu gaskiya, shi zai tsare muku ƙofa. Kawu dai har yau bai ce ya huce ba. In na je gaishe shi, sabulu yake fara miƙo mini.