Ranar da Na Tarar Ana Zaman Makokina

Ko da tsufa zai share mani kai tas, har da lissafin da muka sha bulala a kansa a lakwal, akwai rana guda da na san zai bar mani: ranar da na sauka daga kan babur a ƙofar gidanmu na tarar ana zaman makokina.

Abin ya faro ne da rufe wani proje na masu tallafi da na daɗe ina yi wa aiki a Tasawa. Ni ne mai rubuta rahoto, wato wanda ake biya ya mayar da rijiya guda ta zama shafi ashirin na Faransanci. Da kuɗi suka ƙare aka tara mu a buro, aka yi mana godiya mai tsawo, aka miƙa wa kowa lemo. Tun daga tsawon godiyar na gane babu albashi a bayanta.

Na zauna watanni. Gero na ja da baya a gida, matata ta fara auna tiya tana kallona. Inna kuwa, da ke ƙauyenmu kusa da Korgom, ban gaya mata ba. Ɗan da aka yi wa guɗa ranar da ya sami aiki, da wane baki zai koma ya ce an sallame shi?

Sai wani abokina na lise, wato sakandare, ya ba ni shawara, yana kirana Mushe, wato Malam a bakin ƴan Faransanci. "Mushe, yanzu ba a yawo da dosiyen takardu a hammata. A waya ake neman aiki. Ka tallata kanka a gurup-gurup."

Na kuwa tallata. Na zaɓi hotona na kwat da karabat ɗaure a wuya, na mayar da shi baƙi da fari don ya fi kwarjini. Na sa sunana da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa shekarar da na fara aiki da wadda na gama, da ɗan layi a tsakani. Na bi da Faransanci mai nauyi, irin wanda ni kaina sai da na duba ƙamus. Na tura wa ƴan ajinmu, na tura wa tsofaffin abokan aiki, hannu ya yi daɗi na haɗa da gurup ɗin ƴan garinmu.

Abin da bokona ya mantar da ni shi ne, a gurup ɗin garinmu ba a rubutu, vokal ake yi, wato saƙon murya. Hoton mutum ba ya fitowa can da rubutu a ƙasa sai in ya tsaya takara ko ya rasu. Kuma ba lokacin zaɓe ba ne.

Ina gama turawa aka ɗauke wuta, batir ya mutu. Matata ta tafi bikin suna a Attantane. Duk wanda ya kira ya ji waya a rufe, sai ya ƙara salati.

Da safe na ce gara in je in gaya wa Inna da bakina kafin wani ya karanta mata. Na hau kabu-kabu. Muna cikin yashi mai babur ya ce, "Gaisuwa za ka ke nan? An yi rashi a garin, wani ma'aikacin proje."

"Allah ya jiƙansa," na ce da zuciya ɗaya. "Me ya same shi?"

"An ce hawan jini. Ka san ƴan boko da tunani."

Na gyaɗa kai, har na ji tausayin mutumin.

Muna shan kwana na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu, amalanke da babura sun cika gindin itacen bedi. Na yi sallama. Wani dattijo ya miƙe ya kama hanya ba tare da takalmansa ba. Kawuna, ƙanen Inna, shi ya yi ƙarfin hali ya matso, ya latsa mani kafaɗa kamar mai tayin rago.

"Kai ne, ko kuwa?"

"Ni ne, Kawu."

"To wa muka aika mota ta ɗauko a Tasawa?"

Dariya ta ƙare mani ne a cikin gida. Idanun Inna sun kumbura, muryarta ta dushe. Ta riƙe hannun rigata ta ƙi saki. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Can ta ce, "Kai wannan, me ka rubuta a ƙasan hoton?"

"Neman aiki ne, Inna. An sallame mu tun bayan girbi."

"Tun bayan girbi. Ka iya gaya wa duniya da bakin Nasara, ka kasa gaya mani da bakin da na koya maka?"

Na durƙusa na ba ta haƙuri.

Kawu ya danna wayarsa ya kara mani a baki. "Yi magana kamar mutum, a ji ka." Na ce: "Salamu alaikum jama'a, ni ne wanda kuka yi wa addu'a jiya, na gode. Ina nan da raina. Aikina ne ya rasu. Na iya rubutu da Faransanci, na iya rahoto, ina da iyali. Wanda ya ji labarin aiki ya tuna da ni."

Vokal ɗin nan ya je inda hoton bai taɓa zuwa ba, domin kowa na son jin muryar mamaci. Aka yi ta tura shi daga gurup zuwa gurup, har masu shayi na sa wa baƙi. Ana nan sai ga kira daga Mayahi, muryar mace, babu doguwar gaisuwa.

"Kai ne mamacin?"

"Ni ne, Hajiya, amma na sami sauƙi."

Ashe shugabar wata ƙungiyar mata ce masu sarrafa wake da gyaɗa, suna neman mai yi masu magana da masu tallafi da Faransanci. Ta ce, "Na saurari ta'aziyyarka, kowa na cewa kai mutumin kirki ne. Amma mamaci ba wanda ba ya yabonsa. Zo in gwada ka wata guda da ranka."

Watan nan guda har yau bai ƙare ba. Matan suna kirana Marigayi, ina amsawa.

Abin da na koya shi ne, waya ba ta da laifi, saƙo takan kai inda aka aike ta. Amma mai neman taimako ya faɗa da harshen da mutanensa ke ji, kuma ya fara da waɗanda za su yi kuka in ya mutu. Hoton kuwa na goge shi ko'ina, sai a wayar Kawu. Ya ce ya yi kyau, in ranar ta zo da gaske ba sai an nemi wani ba.