Ruwan Jima a Filin Tsere

Ni na yi laifin, ba wani ba, kuma yammacin Lahadin da na yi shi ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Zan faɗe shi yadda ya faru, don na wuce shekarun jin kunyar gaskiya.

A lokacin ina tuƙa tankar ruwa a wani kamfanin jima a Challawa. Bayan kamfaninmu akwai wani fili da aka share za a gina masaƙa, maganar ta mutu. Samarin garejin Sharada da na Bompai suka mayar da shi wurin tseren mota. Suka jera tsofaffin tayoyi suka yi da'ira, gajeriya ce, kafin ka gama ɓare gyaɗa mota ta zagayo. Duk Lahadi bayan la'asar sai wurin ya cika, wasu a kan katanga, wasu a tsaye a bayan a-daidaita-sahu, masu rake da masu awara suna ta ciniki. Motocin tsofaffi ne da aka cire musu kujerun baya da salansa, ƙararsu har cikin haƙori kake jin ta.

Aikina a wurin shi ne yayyafa ruwa. Filin ƙasa ce zalla, in ba a jiƙa ta ba, mota biyu suka wuce ƙura ta rufe idon kowa. Manajanmu ya yarda in riƙa kai musu tanka ɗaya, ni kuma ina ji da kaina, don ba a ɗaga tuta sai na gama zagayena.

Ranar babu wuta, ba a kuma tada janareta ran Lahadi, saboda haka burtsatsen kamfani bai ba da ruwa ba. Abin da ya kamata shi ne in gangara kogi, amma na san tifofin yashi sun yi layi a hanyar. Ga kuma kududdufin da ake zubar da ruwan wankin fata, a cike, dab da ni. Na ce a raina ai ƙasa za a jiƙa, ba alwala za a yi ba. Na jefa tiyo na cika tanka. Na fi kowa sanin abin da ke cikin ruwan nan: kitsen fata da maganin cire gashi, santsinsa kamar miyar kuɓewa. Wari kuwa ba zai tona mini asiri ba, don a Challawa hancin kowa ya daɗe da yin sulhu da warin jima.

Ina shiga filin aka fara yi mini ihu. “Direba, tankar ce ta tsufa ko kai ne?”

Wanda ya tare ni shi ne Baba, wani dattijon makaniki ɗan kudancin Kaduna, mai gareji a Sharada. Ya daɗe a Kano, kowa ya san shi da gyaran birki. Shi yake kula da motar wani saurayi mai walda, jar mota, wadda ta fi kowace farin jini a filin. Baba ya daki ƙofar tankata ya ce, “Ɗana, ka zuba mana sosai a kwanar gabas, can ƙurar ta fi tashi.” Na ce an gama, Baba. Na kuwa zuba sosai.

Aka ɗaga tuta. Motocin farko da suka shiga kwanar sun ɗan zame, mutane suka ɗauka gwaninta ce, aka yi ta tafi. Mai walda shi salonsa daban, da gudu yake shiga kwana, sai a ƙarshe ya taka birki. Ya taka, motar ta ƙi jin magana. Ta tafi a karkace, ta kwashe tayoyin shinge, ta kife a gefe ɗaya. Da aka jawo shi sai ga hannunsa a karye, yana ta cewa, “Birki ne! Birki ne ya ƙi!”

Nan take aka juya kan Baba. Yayan yaron ya cafki wuyan rigarsa. “Tsoho, ka kusa kashe mana ƙane!”

“Da hannuna na ɗaura birkin nan jiya, na kuma gwada shi,” in ji Baba.

Yayan ya daka masa tsawa, “Yi mana shiru! In ido ya tafi a bar sana'a!”

Ina tsaye ina ji. Na hau tankata na sulale, na je na wanke ta tas.

Makanikin da aka ce birkinsa ya ƙi, ya gama yawo. Kullum na bi ta Sharada sai in ga garejin Baba fayau, yana zaune a kan benci shi kaɗai. Na riƙa gaya wa kaina ai magana ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Ana nan birkin tankata ya fara ƙara, na kai masa. Ya dube ni ya ce, “Ka tabbata, ɗana? Ba ka ji abin da ake faɗa a kaina ba? Ni kaina na fara yarda. Na yi ta tunanin wane noti na manta. Wataƙila gara in tattara in koma gida, kada in kashe ɗan wani.”

A nan na gane abin da na yi. Zuba ruwan ganganci ne na rana ɗaya, amma shirun da na yi shi ne zaluncin, don kullum sai na sake yin sa. Shiru ya kai mutumin kirki ga zargin hannunsa. Tun daga lokacin na riƙe cewa in laifinka ya faɗa kan wani, rufe bakinka ma ƙarya ce.

Na san in na faɗi gaskiya za a kore ni daga filin, daga baya an kuwa kore ni, manaja ma ya wanke ni tas. Ban taɓa da-na-sanin faɗar gaskiyar ba. Lahadin da ta biyo baya na roƙi Baba ya raka ni. Kafin a ɗaga tuta na hau saman tankata, na karɓi lasifikar mai sanarwa, ga mai walda a gaba da hannu a ɗaure, na ce:

“Jama'a, birkin Baba lafiyarsa ƙalau. Ni na zuba ruwan jima a kwanar can don ƙyuyar zuwa kogi, na kuma yi shiru ana cin mutuncin dattijo. Ɗan'uwa, ni na karya maka hannu, ka yafe mini. Baba, a gaban mutanen nan aka zage ku, a gabansu nake roƙonku. Don Allah ku yafe mini.”