Gafiyar Legas da Danƙon Abokina

Shekarun baya can, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, ni da abokina muna koyon kwamfuta a wata 'yar makaranta a saman bene a Agege. Kwamfutocin irin masu ƙaton ƙeyar nan ne, in ka kunna sai ka sauka ka sha shayi ka dawo kafin su farka. Mai makarantar Bayarabe ne, Oga muke ce masa, mutum mai son sabon abu. Wata rana ya shigo aji ya ce ya shirya gasa: a rabu biyu-biyu, kowane rukuni ya ƙirƙiro wasan kwamfuta daga Juma'a zuwa Lahadi, sannan ɗalibai su buga su zaɓi wanda ya fi. Waɗanda suka ci zai riƙe su, su riƙa koyar da sababbin ɗalibai.

Ni dai son a sani ne ya kai ni. Abokina kuwa maganar ta fi haka a wurinsa. Mahaifinsa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma ya riga ya gaya masa, ba da faɗa ba, cewa wannan danne-dannen in bai zama sana'a ba kafin ƙaramar Sallah, to buhu yana jiransa a kasuwa. Dattijon ba ya magana biyu. Abokina ya sani, ni ma na sani.

Wasan da muka yi, wani ɗan mutum ne yake tsalle daga rufin danfo zuwa rufin danfo, motocin hayar nan na Legas, daga Iddo yana so ya iso Agege, gafiyoyi suna bin sa. Duk wanda ya taɓa ganin gafiyar kwatamin Legas ya san ba ƙari muka yi ba. Ni na yi tsallen da motocin. Abokina shi ya yi abin da muke taƙama da shi, wato haɗa makami. A hanya kana tsintar gwafa da roba da tsakuwa, ka haɗa su su zama danƙon harbi. In ka samu sanda da ƙusa, ka yi gora. Har da garwashi da gwangwani, wanda in ka haɗa ka jefa sai gafiyoyi su watse. Wallahi yaron yana da kai. Ni sai kallonsa nake ina cewa, "Kai, anya ba aljanu gare ka ba?"

Ranar Asabar da rana muka ce bari mu gwada a kan mutane. Muka kira 'yan unguwa, da wani yayana, da wasu samari biyu masu dako da suka zo ci-rani. To ka san mu. Mutum ya hau bene saboda kai, ai baƙonka ne, baƙonka kuma annabinka. Muka sayo zoɓo mai sanyi, muka ba su kujera mai kyau. Duk wanda ya zo wurin haɗa makami ya fara laluben kibod, sai abokina ya miƙa hannu ta saman kafaɗarsa: "Kawo in haɗa maka, Malam, kai dai ci gaba da tsalle." Ta ina za ka tsaya kana kallon baƙo yana shan wahala? Ni ma in na ga gafiya ta matso sai in ce, "Danna nan, danna nan!"

Su kuma da suka sha zoɓonmu, me kake so su ce? "Masha Allah." "Kai, wannan ai sai Turawa." Yayana har cewa ya yi mu fara tunanin inda za mu buɗe ofis. Muka sauko daga benen nan muna tafiya kamar mun gaji Legas.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lahadi ta zo, Oga ya kafa doka ɗaya: wanda ya yi wasa ya koma bayan aji ya zauna a benci, ba magana, ba nuni. Muka zauna. Ta farko da ta hau wasanmu wata 'yar ajinmu ce, Bayarabiya haihuwar Agege, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa, ga ta ba ta san kara ba. Ta yi tsalle lafiya, ta tsinci gwafa, ta tsinci roba. Sai ta tsaya. Ashe sai ka danna maɓalli uku a jere kafin su haɗu, kuma babu inda muka rubuta haka. Ga shi yayin da kake laluben, wasan ba ya tsayawa. Gafiya ta zo ta cinye ta. Ta sake, gafiya ta sake cinye ta.

Ta juyo ta dube mu. "Malam, wai ni tsalle zan yi ko ƙira? Abu yana bi na da gudu ka ce in tsaya ɗaura roba? Ko ka tsayar da ɓeran, ko ka gaya mini abin da zan danna. Haba!"

Aji ya fashe da dariya. Na ji abokina ya motsa zai tashi, Oga ya ɗaga masa yatsa, ya koma ya zauna. Haka muka yi ta kallo, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana mutuwa a wuri guda da gwafa a hannu. Wani ya ce tsallen da daɗi, a cire kayan tsince-tsincen kawai. Wannan ta fi yi wa abokina ciwo, na gani a fuskarsa. Babu wanda ya ga danƙon nan ya harba ko sau ɗaya. Wasu da suka yi wasan ƙwallo mai dukan bulo, wanda ko akuya za ta iya bugawa, su suka ci.

Washegari na tarar da abokina a makaranta tun da safe. Kafin azahar ya gyara: in ka buɗe wurin haɗa makami komai ya tsaya cak, ga hoton abin da za ka danna a ƙasa. Aikin rabin yini ne kawai, abin da da mun ƙyale mutum ɗaya ya sha wahala ranar Asabar da mun gano. Ya sa wasan a faifan filofi ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe, ni na gama." Bai jira Sallah ba ma. Satin nan ya fara bin mahaifinsa kasuwa.

Kada ku ce labarin baƙin ciki ne. Yau motocin albasarsa suna sauke kaya daga Arewa, ni kuma da na ci gaba da kwamfuta shi nake kira in motata ta lalace. Amma abin ya zauna mini. Har yanzu in na ba mutum abin da na yi ya gwada, ba na ba shi ko ruwa sai ya gama, kuma bayansa nake komawa in yi shiru. Masha Allah ɗin da aka faɗa bayan zoɓo na daina ɗaukarsa a bakin komai.

Wasan kuwa ban yar ba, na yi ta kwashe shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Bara abokin nawa ya zo gidana da 'yarsa, budurwa mai karatun jami'a, na lallaɓa na tayar da wasan na ce ta gwada. Ba mu gaya mata komai ba. Ta tsinci gwafa, ta tsinci roba, ta tsaya. Na ga hannun ubanta ya fara tashi, sai ya mayar da shi ya zauna a kai, Alhaji guda da furfurarsa. Ta duba ƙasan allon, ta danna, danƙo ya haɗu, ta harbe gafiya.

Ta ce, "Lah, wannan wurin ya fi ko'ina daɗi. Baba, wa ya yi shi?"

Ya ce mata ta ci gaba, akwai gora a gaba.