Ɗakin Inna da Ruwan Shuka

Shekarar da bangon ɗakin Inna ya tsage, tsagar da akuya mai ciki za ta ratsa ba ta goga ba, na yi alkawarin gina mata ɗakin bulo kafin damina. Ta ce ta ji, amma ƙafarta ba za ta bar gidanmu na Getso ba ko na wuni ɗaya.

Ƙanin matata ya kawo mini mutanen wani babban kamfani daga Kano. Suka sauko da hulunan kwano, suka auna gidan har da akurkin kaji. Injiniyansu ya ce, "Alhaji, mu ba ma faci. Katafila za ta share wurin, Hajiya ta koma wani gida wata uku, mu miƙo maka makulli."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Gaya masa ni ba buhun gero ba ce da za a kai ajiya."

Washegari ga wani magini daga Gammo a kan keke, cokalin gini da igiya ɗaure a baya. Ya ce zai tayar da sabon bango kewaye da tsohon ɗakin, Inna na ciki, sai a ƙarshe a rushe na ƙasar.

"Yaushe za ka gama, Malam?"

"Da yardar Allah."

"Na sani. Wace rana?"

"Ranar da Ya yarda."

Mako guda ina safa da marwa tsakanin Gwarzo da Kabo, neman shawara. Wannan ya ce kamfani, wancan ya ce na gida. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Daga ƙarshe na ɗauki maginin, don shi kaɗai ne ya durƙusa ya gaida Inna kafin ya taɓa bango.

Aiki kuwa ya yi kyau. Bango ya kai linta, ya haura saman ƙofa, aka rushe tsohon ɗakin, Inna ta koma rumfar zana a tsakar gida da gadonta da kwallayenta. Saura rufi. Ni kuma wuyana ya ƙage don kallon gabas, ko hadari ya taso.

Sai ruwan shuka ya sauka. Katifar Inna ta sha ta ƙoshi. Da safe ba magini, ba kafinta, ba lebura ko ɗaya. Na manta cewa duk maginin ƙasar nan manomi ne da ya ari cokali.

Na hau babur sai Gammo. Na same shi tsakiyar gona, yana sara da sungumi.

"Haba Malam! Uwata na kwana a waje!"

"Alhaji, bulo zai jira. Danshi kwana biyu ne, in ya wuce yarana su ci me?"

"To, yaushe za ka gama?"

Ya dubi tumbina, ya miƙo mini ƙwaryar iri. "Ya danganta da saurinka."

Ni da ko takalmina ba na gani sai na zauna, na bi bayansa ina zuba gero ina rufewa da diddige. Matan da ke wucewa suka tsaya kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu Alhaji, wannan ramin ka ba shi irin rami biyar." Wuni biyu muka yi, kowane gajimare ya gifta sai gabana ya faɗi.

Rana ta uku ya zo da kafinta da 'yan'uwansa huɗu. Da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, su a sama suna buga ƙusa, ni a ƙasa ina ihu ina miƙa kwano iska na neman tashi da ni. Ana kafa fallen ƙarshe yayyafi ya fara. Muka kinkimi gadon da gudu, Inna na biye da butarta.

Ta zauna, ta ɗaga kai tana sauraron ruwa a kan rufi. Ko ɗigo babu.

"To, Inna?"

"Allah Ya yi albarka. Amma wannan kwanon naka ya fi ka surutu."