Kofin Madarar Waken Suya da Mijina Ya Gwada Ni da Shi

Lokacin da abin ya faru ina amarya, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, muna zaune a wani ƙaramin gida a Bur Dubai. Kafin nan na yi karatu a Poland, kuma a can na kwaso larurata. Akwai wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira birch. Duk lokacin da ta yi fure iska ta ɗebo garinta, sai atishawa da hawaye kamar an watsa min barkono. Likitar can ta gargaɗe ni cewa sinadarin da ke cikin garin furen ya yi kama da na ɗanyen tuffa da madarar waken suya, jikina ba ya bambance su.

Na faɗa wa mijina tun kafin aure. Dariya ya yi, ya ce iyayin 'yan boko ne, wai ina bishiyar Turawa a cikin wannan hamada. Da muka je asibiti gwaji a nan, aka duba ƙura da furen dabino ba a ga komai ba, sai ya samu abin kafa hujja. Bai tsaya jin cewa kowane yanki da abin da aka saba nema ba.

Ranar da gwaggonsa ta zo sarin atamfa, ta sauka a unguwar Al Ras, muka je gaishe ta. Ta dama madarar waken suya da hannunta. Na ce masa a asirce ba zan sha ba, ina zargin ta waken suya ce. Ya ce ya riga ya tambaya, ta gyaɗa ce, kada in kunyata shi. Na sha. Kafin mu kai bakin ruwa mu hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da zai tsallakar da mu gida, leɓena ya kumbura, maƙogwarona ya toshe, numfashi ya gagara.

A asibiti ya amsa cewa ya san ta waken suya ce. Wai so ya yi ya nuna min tsoro ne kawai ke damuna. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Da raina ya yi gwaji, don kawai ya ci gardama.

'Yan uwa mata, larurar da aka ɗauko a wata ƙasa ba ta tsayawa a filin jirgi, kuma kunyar surukai ba ta buɗe maƙogwaro. In kin san abin da jikinki ba ya so, ki ƙi, ko wa ya miƙo. Muna tare har yanzu, ya ba da haƙuri, na ce na yafe. Amma ko ruwa ya kawo min, sai na tashi na ɗebo nawa.