Gonar Baba a Cikin Gilashi

A duk Gwarzo ina jin ni kaɗai ne na taɓa sayo ciyawa daga Kano na dasa ta a cikin ruwa. Akwatin gilashi ne na ajiye a falo, da yashi a ƙasa, da tsirrai masu siraran ganye, da 'yan kifayen ado waɗanda ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Abokiyar gabata ɗaya ce, gansakuka, wannan koren abu da ke manne wa gilashi ya shaƙe ganye. Maganinta kuwa na haddace shi: a rage haske, a rage abinci, a riƙa canja ruwa. Da haka na yi mata lilis, har ina jin kaina wani gwani.

Sai ƙafafun mahaifina suka gaza, muka ɗauko shi daga garinmu Kutama a farkon damina, karo na farko da aka yi shuka babu shi. Ya daina hira. Tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Kullum maganarsa a mayar da shi gida, gidan da babu ko mai miƙa masa ruwan alwala. Hankalina ya tashi matuƙa, don ina gani yana ramewa.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar ya ƙura wa akwatin ido.

"Kai, wannan shukar taka yunwa take ji," in ji shi. "Wa ya taɓa noma a inuwa?"

Na ce, "Baba, ai ita wannan ba ta son rana sosai."

Ko kallona bai yi ba. Washegari ya sa aka ja teburin da akwatin ke kai zuwa bakin taga, aka yaye labule. Ashe kuma da ƙullin takin zamani ya zo a jakarsa, yana ɗan barbaɗawa kowace safiya da bisimilla. Da kifayen suka fara haki a saman ruwa, dole na kwashe su zuwa baho.

Nan da nan gansakuka ta samu yadda take so. Gilashi ya yi kore shar, ruwa ya koma kamar miyar kuka, zare-zare suka lulluɓe tsirran da na sha wuya a kansu. Raina ya ɓaci sosai. Sai in shiga ɗaki in yi ta faɗa ni kaɗai, tunda ba a yi wa uba tsawa. Ran Asabar na ɗauko soso da bokiti, na ce yau sai dai a yi wadda za a yi.

Na sami Baba zaune gaban akwatin, ya shanye kokonsa tas. Ya kira wani tsoho maƙwabcinmu, mutumin Gammo, yana nuna masa.

"Da na zo, Malam, duk ta ƙanjame, abin tausayi. Yaron nan boko ya sani, bai san shuka ba. Dubi yanzu."

Tsohon ya leƙa da kyau, bai ga komai ba sai kore, ya ce, "Tubarkalla, Alhaji, yabanya ta yi kyau."

Baba ya waiwayo ya gan ni, yana murmushin da na manta rabon da in gani.

"Ka aika wa mutanen gida ba yanzu zan koma ba. In na tafi wa zai kula da ita? Wannan soson fa, na mene ne?"

Na ce, "Babur zan wanke, Baba."