Idon Yayyafi na Hagu

A layin masu gyaran kujeru babu mai kiran sa da sunansa na gaskiya. Yayyafi ake ce masa, kuma yana amsawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idonsa na hagu ba ya bushewa. Rani da damina ƙwalla na taruwa a gefensa, ta gangaro ta kunci ta shige gemu. Hankici ba ya barin kafaɗarsa. In ya sunkuya yana yanka yadi sai ya karkatar da kai gefe, don kada ɗigo ya ɓata wa mutane kaya. Maƙwabta kan ce masa, "Yayyafi, yau ma da hadari?" Shi kuma ya ce, "Ku dai kwashe shanyarku."

Tun yana saurayi abin ya same shi. Guntun katako ne ya ƙwace daga bakin injin tsaga ya daki karan hancinsa. Hancin ya warke da 'yar karkata, amma idon bai sake tsayawa ba. Aka ɗiga magani, aka shafa wani, har aka gaji aka bar shi da halinsa.

Shagon na mahaifinsu ne, su biyu ya bar wa, shi da wansa. Yaya ne bakin shago, Yayyafi ne hannunsa. Yaya na zaune bakin ƙofa yana tarbar masu kawo aiki, yana rantse musu cewa jibi za a gama. Yayyafi yana ciki, leɓensa cike da ƙananan ƙusoshi, yana tuɓe tsohuwar kujera har sai ƙashinta ya bayyana. Yana yanka soso da wuƙar da yake wasawa a dokin ƙofa, yana jan yadi har sai layin zane ya haɗu da ɗan'uwansa a kusurwa. Abin da ya tsinta a cikin kujerun mutane, cokali ne, maɓalli ne, ɗan kunne ƙwaya ɗaya ne, yakan zuba a leda ya ɗaure a ƙafar kujerar, ya koma gida da ita.

Mutum ne mai raunin zuciya, kuma idon nan ya yi masa rana. Wanda kullum fuskarsa a jiƙe take, wa zai tsaya bambanta kukansa? Ranar da Yaya ya sauke tsohon allon shago ya ɗora sabo da sunansa shi kaɗai, Yayyafi ya tsaya a titi yana kallo, hawaye na zuba. Yaya ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Idon ya motsa? Share, ka miƙo min guduma." Ranar da wani mai otal ya yaba ɗinkin wasu kujeru, Yaya ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Hannun nan ne," haka aka yi. Ranar da Yaya ya kori ɗan Yayyafi daga shago a gaban jama'a saboda ya ɓata yadi, yaron ya bar garin bai ƙara waiwayar sana'ar ba, haka aka yi. Kullum maganar ɗaya ce: idon ya motsa, share.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta da irin haƙurinsa. Takan ce, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wai kai ba ka da baki ne?"

Sai ya ce, "Ke ba ki san Yaya ba. Bai san abin yana taɓa ni ba ne. Ta yaya zai sani, ido kullum a jiƙe? Wallahi da ya sani, ba zai yi ba."

A kan wannan magana ya kafa rayuwarsa, ya jingina da ita shekara talatin da 'yan kai. Ko da matar ta rasu, Yaya ya aiko tun masu gaisuwa ba su gama ɗaukewa ba, wai aiki ya taru. Yayyafi ya koma. Ya durƙusa bayan wata doguwar kujera yana buga ƙusa yana kuka, kuka sosai, har kafaɗarsa na rawa. Yaya ya wuce ta kansa ya ce, "Ƙura ce, ka matsa kusa da taga." Ko a ranar, uzuri Yayyafi ya yi masa. Rashin sani, in ji shi, ya fi dare duhu.

Da furfura ta ci rabin kansa, idon ya sake salo. Gefen hanci ya kumbura ya yi ja, in ya danna sai mugunya ta fito, da safe kwantsa ta liƙe fatar idon. 'Yarsa ta tsaya kai da fata sai an je asibitin ido. Yaya ya ce shi zai raka shi, har ya rufe shago da hannunsa. Yayyafi ya ji daɗi ƙwarai. A cikin mota yana ta satar kallon wansa yana cewa a ransa, naka sai naka.

Likitar mace ce, mai magana a tsanake. Ta haska idon, ta taɓa kumburin, sannan ta zana musu a bayan wata takarda. Ta ce kowane ido yana da 'yar magudana a kusurwarsa da ke kwashe hawaye ta zubar cikin hanci, shi ya sa mai kuka ke jan majina. Tasa ta toshe, ga alama tun bugun katakon nan, ruwa ya rasa hanya ya kwanta ya ruɓe. Za ta fara ba shi magani kumburin ya sauka. Da jariri ne, tausa ko zura siririn ƙarfe kan buɗe hanyar. Da toshewar ba ta cika ba, ana iya sa 'yar roba ta riƙe ta a buɗe. Amma irin tasa sai an huda sabuwar hanya ta cikin ƙashi, ko dai a ɗan tsaga fata a gefen hanci, ko a bi ta cikin hancin da na'ura, ba tabo.

"Baba, na hagun ne kawai, ko duka biyun suna zuba?"

Yayyafi ya ce, "Wani lokaci… duka biyun."

"To bari mu wanke na daman ma mu gani."

Yaya ya duba agogo, ya yi dariya. "Likita, kada ya ɓata miki lokaci. Na hagu ne kawai. Na dama lafiyarsa ƙalau. In kin ga na dama yana zuba, har ƙofar hancin nan ta dama tana yoyo, to wannan ba ciwo ba ne, kuka yake yi. Tun muna samari nake kallon sa, ni zan gaya miki."

Likitar ta yi murmushi, ta ce ai dattijo ya iya lura. Duk da haka ta ɗauko sirinji mai siririn baki ta tura ruwa a kusurwar idon dama. Nan take Yayyafi ya ji gishiri a maƙogwaronsa. Ta ce, "Ka ji ko? A buɗe take. Yayanka ya yi gaskiya."

Bai ji sauran bayanin ba. Yana zaune a kujerar, kansa a jingine, fitila a fuskarsa, ranakun nan suna dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da Yaya tsaye a cikinta yana kallon idonsa na dama. Ashe ba duhu ba ne. Da rana tsaka aka yi masa komai, ido buɗe. Abin da ya fi ci masa rai ma matarsa ce, da ta tafi kabari yana ƙaryata ta. Ya ji an ci amanarsa, ya kuma ji kunya, irin ta wanda ya daɗe yana wanka a bayan labule yana zaton ba a hango shi.

Suka koma shago. Yaya ya buɗe ƙofa, ya ja kujerarsa, ya fara lissafa ayyukan da ke jira. Yayyafi ya tsaya a tsakiyar tarkacen soso.

"Yaya, ashe kana gani."

"Ina ganin me?"

"In ina kuka."

Yaya ya ɗaga kafaɗa. "To makaho ne ni? Asiri nake rufa maka. Ƙato da kai, da gemu, in ce wa mutane kuka kake yi?"

"Ranar da ka kori yarona babu kowa bayan sun watse. Ranar da na dawo bayan rasuwar uwar yara, mu biyu ne a nan."

Yaya ya ɗauki wani guntun yadi yana murzawa a yatsunsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In na tambaye ka me ya faru, ai faɗa min za ka yi. In ka faɗa kuma, sai yaya? Sai a sauke allo, a dawo da yaro, aiki ya tsaya. Kai kuma ba ka taɓa cewa komai ba. Na ga hakan ya fi mana sauƙi, mu duka."

Mu duka! Yayyafi ya tsaya jiran ko wata kalma za ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Wani mutum ya shigo neman kujerarsa, Yaya ya miƙe da fara'a ya tarbe shi.

Yayyafi bai bar shagon ba. Ina zai je a wannan shekarun, alhali rabin wurin nasa ne? Ya ci gaba da zuwa da safe, yana gaishe da Yaya yadda ƙane ke gaishe da wa, yana aikinsa. Hira ce dai ta mutu. Da kumburin ya sauka, 'yarsa ta so a yi masa aikin ta cikin hanci saboda tabo. Ya ce ko wanne likita ta ga ya fi dacewa da karkataccen hancinsa, shi dai a tsayar da ruwan nan, ya gaji da shi. Aka tsayar da na tsagawa.

Ranar tiyatar Yaya ya riga kowa zuwa. Ya zauna a bencin baranda da fulas ɗin ruwan zafi da bargo a cinyarsa, duk nas ɗin da ta gifta sai ya tare ta da tambaya. A ciki, an sa wa Yayyafi rigar asibiti, wata nas ta yi alama da alƙalami a saman girarsa ta hagu. Ta gaya masa za a bar 'yar roba a ciki na wasu makonni, kada ya fyace hanci da ƙarfi.

"Baba, in ka farfaɗo wa za mu shigo maka da shi?"

"'Yata. Ta je kai yara makaranta, yanzu za ta zo."

"Dattijon nan na waje fa? Tun ɗazu yake tambayar ka. Ɗan'uwanka ne?"

Yayyafi ya juya kai ya hango shi ta gilashin ƙofa. Ya tsufa, wuyansa ya yi tsawo a cikin riga, yana ta leƙe. Yayyafi ya daɗe yana kallon sa.

"Wurin aikinmu ɗaya," ya ce.